Ranar da Dare Ya Yi da Hantsi: Kira ga Adana Tarihin Kusufin 2006

Mai girma Hakimi, shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro ayyukanku a birane domin halartar wannan zama, muna yi muku barka da zuwa gida.

An saba jin mu muna kira a kan rijiya, ko rufin aji, ko maganin asibiti. Yau kuwa abin da muka zo da shi bashi ne da jikokinmu ke bin mu.

Ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, wata ya shiga tsakaninmu da rana, ya rufe ta ruf. Inuwarsa ta ratso Gana da Togo da Benin, ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya har Turkiyya. Garinmu na cikin wannan siririyar hanya. Muna farfajiyar makaranta da yara lokacin da haske ya dushe, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, Zara ta bayyana da hantsi. Wasu suka ruga masallaci domin sallar kusufi, wasu suka fashe da kuka. Bayan 'yan mintuna gari ya sake wayewa.

Masana sun bayyana cewa faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta daga gare mu kuma ya ninka nasa kusan sau 400, shi ya sa wata ke iya rufe ta daidai wa daida. Sun kuma ƙiyasta cewa wuri guda kan yi shekaru kusan 375 kafin cikakken kusufi ya sake bi ta kansa. Ke nan abin da muka gani kyauta ce da ba kowace zuriya ke samu ba.

To, me muka ajiye? Mun bincika gidaje da dama, ba mu samu hoto ko ɗaya ba. Abin da ya rage yana ƙirazan mutane, da yawa daga dattawan da suka tsaya tare da mu a ranar kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Kowace jana'iza na tafiya da shafi guda na labarin.

Saboda haka muke ba wannan ƙungiya shawarar ta ɗauki nauyin fim na tarihi, da kuɗinmu, da harshenmu, ba tare da jiran gwamnati ko wani attajiri ba. Mai kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa. Idan baƙo ya biya, zai nuna sama ne kawai, alhali hoton rana a rufe ya cika duniya. Abin da babu shi a ko'ina shi ne abin da ya faru a ƙasa: me makiyayi ya gani ga shanunsa, me mai tuyar ƙosai ta yi da kaskonta, wane bayani liman ya yi wa jama'a.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba, in an kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, a fara da tsofaffi, domin su ne lokaci ba ya jira. Na biyu, a fifita murya a kan hoto. Wayar hannu ta isa ɗauka, amma a nemi makirfo mai kyau, a kauce wa ƙarar janareta. Na uku, mata su shiga gidaje su tattauna da mata, kuma kada a ɗauki kowa sai da izininsa. Na huɗu, kada a ƙara gishiri. Wanda ya tsorata a bar shi ya ce ya tsorata, sannan malamin kimiyya da malamin addini su yi bayani. In an kammala, a raba kwafi ga makarantunmu, a kai ɗaya Gidan Arewa da ke Kaduna.

Amfanin bai tsaya ga tuna baya ba. Ranar 20 ga Maris, 2034, wani cikakken kusufin zai ratsa Najeriya ta wajen Legas, inda da yawanku ke zaune. Fim ɗin zai koya wa yara cewa kallon rana da ido tsirara, ko da gilashin da aka turara da hayaƙi, na iya lalata gani har abada, sai da tabarau na musamman.

Iyayenmu sun taru a dandali sun kalli majigi da labarin da wasu suka tsara musu. Lokaci ya yi da za mu haska namu. Muna roƙon a kafa kwamiti kafin a tashi daga wannan zama, mai kyamara ya kawo, mai mota ya bayar, mai kuɗi ya taimaka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya maida kowa masaukinsa lafiya. Wassalamu alaikum.