Gidan Talaka Da Gonar Manomi: Jawabin Sakataren Ƙungiya A Taron Wata-wata



Mai girma Sarkin Hausawa, Malam Liman, shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, ina yi mana barka da zuwa. An umarce ni in yi bayani a kan gine-ginen da suke cin gonaki a yankin Mowe da Ofada, cikin Ƙaramar Hukumar Obafemi Owode ta Jihar Ogun, da kuma inda hakkinmu yake a ciki.

Tun da aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a 1978, garuruwan bakin hanyar suka fara cika. Haya ta yi tsada a Legas, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa fitowa Ibafo da Mowe, suna kwana a Ogun suna aiki a Legas. Yanzu abin ya kai Ofada, garin manoma da shinkafar Ofada ta ci sunansa. Duk wanda ya bi hanyar Mowe zuwa Ofada zai ga allunan kamfanonin sayar da filaye a inda dā ake noman rogo da shinkafa.

Jama'a, mu muna da ƙafa a kowane ɓangare. Yawancinmu 'yan haya ne, mutum shida ko bakwai a ɗaki ɗaya, don haka muna son gida mai araha fiye da kowa. A ɗaya ɓangaren kuma, abincinmu yana hannun manomi. Mai sayen goro, mai dakon rogo, mai lambu a bakin rafi, ɗan acaɓan da ke kai kaya kasuwa, duk idan gona ta ƙare sana'arsu ta yi rauni. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake so mu gane shi ne, ba ɗakin talaka ne yake cinye gona ba. A nan ana yanka eka ɗaya fuloti shida. Fuloti ɗaya zai ɗauki gidan haya mai ɗaki takwas ko goma, ke nan eka ɗaya tana iya rufa wa iyali hamsin asiri. Amma kamfani zai sayi eka da yawa, ya sare itatuwa, ya zagaye da katanga, ya sayar wa masu kuɗin da ba su da niyyar zama, sai jiran farashi ya tashi. Shekaru su wuce, ciyawa ce kawai a ciki. Manomi ya rasa gona, ɗan haya bai sami ɗaki ba.

To, me doka ta ce? Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan, sashe na 41 kuma ya ba shi damar zama inda ya so. Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Shi ne yake ayyana inda ya zama birni, kuma a wajen birni ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe fili bisa al'ada. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, dokar ta tanadi diyya a kan gini da amfanin gonar da ke kai. Haka kuma a 2016 Jihar Ogun ta yi dokar hukunta masu ƙwace filaye da ƙarfi, irin abin da wasu 'yan omo onile suke yi.

Gida mai araha ba mafarki ba ne. Marigayi Alhaji Lateef Jakande, Gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi, yawancinsu benaye ne masu ɗauke da iyalai da yawa a ƙaramin fili. Har yau mutane na ciki.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu.

Na ɗaya, mu roƙi Sarki ya jagorance mu zuwa wurin Baale da ƙungiyoyin ci gaban unguwa na masu masaukinmu, mu kai wa hukumar tsara gari koke guda: a tattara gine-gine kusa da titi da kasuwa, a bar gonaki masu kyau da bakin rafi. Mu baƙi ne, ba za mu yi wa mai gari iyaka a ƙasar kakanninsa ba, amma kokenmu da nasu ɗaya ne.

Na biyu, a nemi duk kamfanin da aka ba izinin babban fili ya ware wani kashi don ƙananan fuloti da gidajen haya, kuma a sa masa wa'adin gini.

Na uku, kada araha ta ja mu zuwa fadama. Mun ga yadda ruwa ya shiga gidaje a Isheri da Warewa a 2019, lokacin da kogin Ogun ya cika. Araha ba ta ado.

Na huɗu, kada kowa ya biya kuɗin fili sai ya ga taswirar safiyo, ya bincika a ofishin filaye na Abeokuta ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riƙe, sannan shugaban dangi da manyan gidan sun sa hannu gaban shaidu. Mai aron gona shi ma ya rubuta yarjejeniya, a ambaci cewa in an sayar za a bar shi ya girbe. Wanda bai iya karatu ba ya kawo takardar ajinmu na yaƙi da jahilci a karanta masa kafin ya dangwala yatsa.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya ba kowa muhallin kansa.