Tarihin Hukumomin Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da Abin da Ya Rage a Wuyanmu

 



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan tarihin hukumomin da gwamnati ta kafa domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Za mu bi tarihin daki-daki, domin mu gane iyakar abin da hukuma za ta iya yi mana, da inda namu aikin ya fara.

Dokar farko mai ƙarfi a wannan fage Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a 1935, bisa yarjejeniyoyin ƙasashen duniya da suka faro a birnin Heg a 1912. A wancan zamani babu wata hukuma ta musamman. 'Yan sanda da jami'an kwastam ne ke kamu, hankalinsu kuma yana kan tashoshin jiragen ruwa. A 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta fito da Dokar Soja ta 19 a kan tabar wiwi, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da shekara 10 ga mai sha. Wiwi bai ɓace ba, kuma a 1975 aka sassauta dokar, aka cire kisa.

Da hodar Iblis ta fara ratsa filayen jiragen samanmu zuwa Turai da Amurka, gwamnatin Janar Buhari ta kafa Dokar Soja ta 20 a 1984. A watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas a ƙarƙashinta. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta maye gurbin kisan da ɗauri. Bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta birnin Biyana a 1988, sai aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, da Dokar Soja ta 48 ta 1989. Ta fara aiki a 1990 ƙarƙashin Fidelis Oyakhilome, daga baya kuma Manjo Janar Musa Bamaiyi ya riƙe ta a zamanin Janar Abacha.

A 1990 ne kuma gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan. Wannan musiba tana cikin dalilan kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, a 1993, wadda sunanta ya ɗaukaka bayan da Dora Akunyili ta karɓi ragamarta a 2001.

A nan ne muke roƙon jama'a su tattara hankalinsu. Yawancin ƙarfin waɗannan dokoki an karkata shi ne ga ɗan fataucin da ke ƙetare iyaka. Amma abin da ya cinye matasanmu ta ƙofar kemis ya shigo, a cikin kwalin magani. Maganin tari mai sinadarin kodin da ƙwayar tiramol magunguna ne da likitoci ke rubutawa. Tiramol da aka amince da ita mai nauyin miligiram 50 ko 100 ce, alhali wadda ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya takan kai 200 ko 225. Sai da BBC ta nuna binciken da ta yi a kan kodin, har da abin da ta ɗauko a Kano, sannan gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano adadin ya haura miliyan ɗaya.

Hukumomi ba su zauna ba. A zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu an buɗe cibiyar gyaran tarbiyya a maƙwabciyarmu Kiru. An naɗa Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya shugaban NDLEA a Janairun 2021. A 2024 aka rufe shagunan magani na Sabon Gari a Kano domin 'yan sari su koma sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda za a iya sa musu ido. Duk waɗannan abin yabawa ne.

Sai dai mu dubi gida. Saurayin da ke ƙwadago a fadamun dam ɗin Challawa, wanda ke haɗiyar ƙwaya don ya gama aikin kwana biyu a yini ɗaya, babu jami'in da zai fara ganin alamarsa kafin mahaifiyarsa. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, hanyoyin babur kuwa sun fi ƙarfin shingen bincike. Ranar kasuwa mai tallan magani a faranti yakan baje kolinsa a gaban kowa, kuma duk mun san ɗan gidan wane ne. Tarihin da muka karanto ya nuna cewa kisa ma bai tsayar da wannan bala'i ba, balle kamun kwana biyu da beli.

Saboda haka muke ba ƙungiya shawarwari uku. Na farko, a kafa kwamiti tare da dagatai da masu unguwanni da limamai, a ƙidaya shagunan magani na kowace gunduma, a tantance masu lasisi, sannan a miƙa sunayen marasa shi ga hukuma da sunan ƙungiya, don kada a bar mutum ɗaya da ƙiyayyar dangi. Na biyu, a ware wani kaso na kuɗin da muke tarawa kowace shekara domin kai waɗanda suka kamu asibitin Dawanau da ɗaukar nauyin jinyarsu, maza da mata, cikin sirri. Na uku, mu mazauna birane mu daina buga waya muna neman a saki dillali don yana ɗan uwanmu. Kuma duk yaron da muka ɗauko daga gida muka ba shi babur ko tsaron shago, amana ce a hannunmu, Allah zai tambaye mu a kanta.

Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna fata kafin taron baɗi kwamitin zai kawo mana rahoto a rubuce, a buga shi a wannan mujalla.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba waɗanda suka kamu lafiya, ya zaunar da ƙasar Karaye da Rogo lafiya.