Daga Kilomita Biyar zuwa Garoua-Boulaï: ka san lambarka, ka karɓi rasit ɗinka

Yau hirar ta hanya ce, wadda kusan duk kayan da ke rumfunanmu na Kilomita Biyar ta nan suke shigowa daga Duwala.

Mu fara da sunan unguwarmu. PK5 da ake faɗa, ma'anarsa kilomita biyar daga tsakiyar Bangui, inda ƙirga ke farawa daga PK0. To amma lamba ita kaɗai ba ta isa kwatance ba, sai ka haɗa ta da sunan hanya. PK9 tana kan hanyar Mbaïki, PK12 kuma tana arewa, a bakin gari. In yaron motarka ya buga waya ya ce, "Alhaji, mun lalace a PK30," kada ka tura bakanike sai ka tambaye shi: ta Boali ko ta Damara? Tambaya guda ce, amma tana iya cece ka asarar yini da kuɗin mai.

A PK12 hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Damara da Sibut, ɗaya ta nufi Boali. Mai zuwa Kamaru ta Boali zai bi. A kanta ne za ka tarar da shingen PK26, a kanta ne kuma kasuwar shanu ta Bouboui take, a PK45. Daga nan akwai mararraba uku da ya kamata ka riƙe a ka. A Bossembélé, kimanin kilomita 160 daga Bangui, hannun dama Bossangoa ce da iyakar Chadi, kai kuwa hagu za ka yi zuwa Yaloké. A Bossemptélé akwai reshen Bozoum. A Baoro akwai na Carnot da Berbérati. Ka wuce su, sai Bouar, Baboua, sannan Béloko inda duwan take, kafin ka tsallaka Garoua-Boulaï. Tafiyar duka wajen kilomita 600 ce.

Yanzu ga maganar allo. Rubutun da Faransanci ne, amma kalmomi kaɗan sun ishe ka. In ka ga "Péage", wurin biyan kuɗin hanya ne. "Douane" na masu duba kaya ne. "Halte Gendarmerie" na jandarmomi ne, takardu suke dubawa. "Ralentir" cewa ake ka rage gudu, "Déviation" kuma an karkata hanya. Wani allon ya yi tsatsa, wani ciyawar damina ta rufe shi, don haka in ka yi shakka ka tsaya ka tambayi mutanen gari. Matambayi ba ya ɓata.

Me ya sa muke son ka bambance su? Domin kowane shinge da aikinsa. Kuɗin péage an sa shi ne don gyaran hanya, kuma shaidarsa tikiti. A ɓangaren Kamaru sefa 500 ne, wato dala ɗari, a kowane wurin biya. In ka biya, ka karɓi takardarka, ka duba kwanan wata, ka adana ta har ka sauke kaya. Kuɗin da ba shi da rasit ba zai cike rami ko guda ba, kuma a ƙarshe kan farashin buhun gishiri yake komawa, ko a zabge shi daga kuɗin sanka.

In an nemi abin da ba ka gane ba, ban ce ka yi gardama da mai bindiga ba. Ka tambaya cikin ladabi, ka riƙe sunan wurin da lambar PK da ranar, ka kai wa shugabannin ƙungiyarku ko Ardo. Ƙorafin da ke da wuri da rana ya fi saurin samun mai saurare.

Ba mu manta ba yadda hanyar nan ta rufe a Disambar 2020, manyan motoci suka yi makonni jibge a Garoua-Boulaï, kaya suka yi tsada a kasuwarmu. Hanya ce ta cin abincinmu duka, sai mu san ta da kyau.

Masu kora garke, a tsallaka kwalta da rana, nesa da kwana. Direbobi, a sassauta in an hango shanu. Allah ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.