Ganin Likitan Damuwa ta Waya: Amfaninsa da Haɗarinsa



Duk wanda ya san Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ya san abin da ake faɗa idan aka ga mutum ya shiga asibitin ƙwaƙwalwa da ke can. Kafin ya dawo, labari ya riga shi isa unguwa: wane ya taɓu. Idan budurwa ce, har maganar aurenta sai ta sami tangarɗa. Shi ya sa mai ciwon damuwa yake shekaru yana kwana ido biyu, mai fargaba yana shan bugun zuciya, ba wanda ya sani. Ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200.

A nan ne waya take da rana. Mutum yana ɗakinsa zai gana da ƙwararre, yawanci sau ɗaya a mako, ta bidiyo ko murya ko rubutu. A koya masa kama tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, ya auna shi da gaskiya, sannan ya koma harkokin da ya yasar, kaɗan-kaɗan. Bincike ya nuna cewa ga damuwa da fargabar da ba su yi tsanani ba, wannan hanya tana kusan daidai da zama gaba da gaba, muddin akwai ɗan'adam mai bibiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada haka a Lebanon da 'yan gudun hijirar Siriya: darussa biyar a waya, da kiran minti 15 duk mako daga mataimaki da aka horar, kuma damuwarsu ta ragu. Manhajar da aka bar mutum da ita shi kaɗai kuwa, yawancin mutane watsar da ita suke yi.

To, amma sirrin nan da ya kawo mutum ga waya, shi ne wayar take iya tonawa, kuma wannan ya fi komai damuna. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai haɗa masu damuwa da ƙwararru ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8, saboda ya miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook da Snapchat don tallace-tallace, bayan ya yi alkawarin riƙe amana. Mu namu haɗarin ya fi kusa. Gida nawa ne waya ɗaya take yawo tsakanin maigida da uwargida da yara? Matar da ta rubuta abin da ke cin ranta, da dare aka karanta, an ƙara mata ciwo ne. Dokar Najeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, sai dai ba ta shiga tsakar gida. Dole mai ba da shawara ya fara da tambayar: wa ke taɓa wayar nan, kuma wa ke jin mu yanzu?

Bayan batun sirri, duba matsalar rashin tattara hankali ta waya ya fi buƙatar taka-tsantsan. Kafin a ce mutum yana da ita, sai an tabbatar alamomin sun bayyana kafin ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a gida da makaranta ko wurin aiki. Rashin barci da fargaba duk suna kama da ita. A 2024 an kama shugabannin kamfanin Done a Amurka bisa zargin rabar da ƙwayar Adderall, maganin wannan matsala, ta intanet ba tare da cikakken bincike ba. Mu da muka ga ɓarnar kodin har aka haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, bai kamata mu bari a rubuta wa yaranmu irin wannan magani bayan 'yar gajeruwar hira ba.

Akwai kuma waɗanda waya ba ta ishe su ba: mai tunanin kashe kansa, mai jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, mai jego da ta fita hayyacinta. Waɗannan a kai su asibiti a ranar, komai surutun unguwa.

Roƙona ga jami'o'inmu shi ne su horar da masu yin wannan aiki da Hausa, domin matar da ke ƙauyen Gumel ba za ta bayyana ƙuncinta da Turanci ba. A kuma buga sunayen masu lasisi a inda kowa zai iya dubawa kafin ya tura kuɗinsa.