Kazimiera Bujwidowa da Ƙofar Jami'ar Krakow

An haifi Kazimiera Bujwidowa a birnin Warso na Poland a 1867, lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkin Rasha, kuma babu jami'ar da ke karɓar mace a yankin. Abin da ya rage wa masu ƙishin ilimi irinta shi ne darussan ɓoye, waɗanda malamai ke bayarwa a gidajen mutane, yau a wannan falo gobe a wancan, don gudun idon 'yan sanda.

Ta auri Odo Bujwid, likita masanin ƙwayoyin cuta, suka koma Krakow a 1893. A can ta rungumi gwagwarmayar da ta sa aka san ta. Ta zaburar da 'yan mata su riƙa aika takardun neman gurbi a Jami'ar Jagiellon da ke birnin, ana ƙi suna sake aikawa. A 1894 aka bar mata uku su zauna ajin haɗa magunguna a matsayin masu sauraro, a 1897 kuma aka fara ɗaukar mata ɗalibai sosai. Ta gane cewa buɗe ƙofar jami'ar ba zai amfani yarinyar da ba ta da takardar sakandare ba, shi ya sa ta sa hannu wajen kafa makarantar sakandaren 'yan mata a birnin a 1896. Wannan hangen nesa ya cancanci yabo.

Gidansu ya shahara da harshen Esperanto, wanda mijinta ke cikin jagororinsa a Poland, kuma Krakow ta karɓi babban taron masu harshen na duniya a 1912. Matan Poland sun sami 'yancin zaɓe a 1918. Kazimiera ta rasu a Krakow a 1932.