Gubar da Ke Shiga Abincinmu Tsakanin Gona da Tukunya

Jawabin da sashenmu na raya karkara ya gabatar wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka a taron bita cikin garin Sakkwato

Mun san da yawanku kun bar aiki a gida kun zo, saboda haka za mu shiga magana kai tsaye.

Batunmu na yau shi ne abincin da muka gada: tuwon dawa da na masara, fura, kunu, wake, ƙuli-ƙuli, miyar kuka da busasshen kifi. Wannan abinci shi ya raini iyayenmu da kakanninmu, kuma ba mu zo mu ce a bar shi ba. Abin da muke so ku koma gida da shi guda ɗaya ne. Yawancin gubar da ke cutar da iyalanmu ta hanyar abinci tana shiga ne bayan girbi, wato a wurin shanya, a turmi, a injin niƙa, a rumbu, ko a kusa da murhu. Waɗannan wurare duka a hannunmu suke. Za mu duba guba iri uku.

1. Gubar dalma

Zamfara maƙwabciyarmu ce, kuma kafin 1996 jiha ɗaya muke. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Likitoci Na-gari Na-kowa, suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Da aka aika jinin yaran aka auna, sai aka tarar dalma ce.

Daga ina ta fito? A waɗannan shekaru farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka koma haƙarta. Dutsen da ake samun zinariyar a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Maza suna kawo dutsen cikin gida a buhu, ana farfasa shi a tsakar gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara suke rarrafe, ta sauka kuma a kan abinci.

Ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu a 2010. Sun tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu kuwa, 97 cikin 100 dalmar jikinsu ta kai matakin da dole a ba su magani. A ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Guru da Bagega, an ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, gama in an yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar, aikin banza ne. Bagega ba ta samu wannan gyara ba sai 2013. MSF ta ci gaba da jinyar yara har 2022.

Ga abin da ya shafe mu a nan. Masu binciken da suka auna abincin waɗannan ƙauyuka sun gano cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta zo ba. Ta shiga ne a lokacin sussuka, shanya, daka da niƙa. Dawa ta baro gona lafiya lau, ta gamu da guba a gida.

Kada mu ce abin Zamfara ne kaɗai. A 2015 yara 28 suka mutu ta wannan hanya a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A 2024, da wata cuta mai kumbura ciki ta kama yara a ƙaramar hukumar Isa ta jiharmu, hukumar NCDC ta ce gwajin farko ya nuna dalma a jinin waɗansu daga cikinsu. Matasanmu da yawa suna tafiya cin rani wuraren haƙar zinariya, su dawo da kaya da takalma cike da ƙura. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auni na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Yaron da ya tsira da ransa yakan zauna da raunin ƙwaƙwalwa, ya kasa gane karatu. Mai ciki kuma tana ba jaririn da ke cikinta.

2. Gubar fumfuna

Wannan tsohuwar guba ce, tana tare da mu kowace shekara. In gyaɗa ko masara ba ta bushe sosai ba aka zuba ta a buhu, ko ruwa ya dake ta a wurin shanya, ko rumbu yana yoyo, sai fumfuna ta kama ta. Wata irin fumfuna, mai launin kore-kore da rawaya, tana haifar da gubar da masana ke kira afulatokzin. An gano ta a 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004, a gabashin ƙasar Kenya, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masarar da suka noma da hannunsu suka ajiye da danshi.

Ba kullum take kisa nan take ba. Sau da yawa kaɗan-kaɗan take shiga, shekara da shekaru, tana cin hanta. Tana hana yaro girma, ya tsumbure ko da yana cin abinci. Ga wanda yake da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, tana ƙara masa hatsarin kamuwa da ciwon daji na hanta ƙwarai. Suya da tafasa ba sa kawar da ita. In an matse mai daga gyaɗa, yawancin gubar a cikin tunkuza take zama, kuma da tunkuzar ake yin ƙuli-ƙuli. In an ba saniya abinci mai fumfuna, wani sashe na gubar yakan fito a nononta.

A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. In mun tsince gyaɗa, mai kyau mukan kai kasuwa domin ta yi kuɗi. Ta ƙasan tire, mai yamushi, mai ɗaci, wadda ƙwari suka huda, ita muke barin wa gida a yi miya ko kunu, ko mu sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli. Ke nan mun sayar wa baƙo lafiya, mun ajiye wa 'ya'yanmu cuta. Mun san ba ganganci ba ne, rashi ne. Amma mudu ɗaya da aka zubar bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

3. Maganin ƙwari da taki

Kowa a nan ya san zafin buɗe buhun wake a tarar ƙwari sun mai da shi gari. Wannan ne ya sa manoma da 'yan kasuwa suke yayyafa wa wake da busasshen kifi magani irin su Sniper, wanda ba a yi shi domin a zuba a kan abinci ba. Waɗansu kuma suna zuba Gamalin a ruwa su kwashi kifin da ya taso, alhali an hana amfani da shi. A 2008, 'yan mata fiye da 100 na makarantar sakandare ta Doma a Gombe suka kwanta asibiti bayan sun ci wake mai maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne muke yin ƙosai da alala da shi.

Wani hatsarin kuma shi ne ajiya. A watan Agusta na 2021, a ƙauyen Danzanke na ƙaramar hukumar Isa, mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan sun ci abincin da aka sa wa gishirin lalle, wani irin sinadarin taki, a maimakon gishirin miya. Fari ne, yana kama da gishiri, kuma yana kusa da hannun mai girki. Ku tuna gidajenmu: taki a kusurwar ɗaki, maganin feshi a ƙarƙashin gado, jarkar da maganin ya ƙare a cikinta ta koma ta ɗiban ruwa ko ta zuba mai.

In ciwo ya zo

Sa'ad da yaro ya fara jijjiga, ko mutum uku suka kwanta a gida ɗaya dare ɗaya, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne maita, ko iska, ko sammu. Sai a fara nuna wata tsohuwa ko wata maƙwabciya da yatsa. Zumunci ya lalace, majinyaci kuma yana kwance ba a kai shi asibiti ba, sauran iyali suna ci daga buhun da ya jawo ciwon. Muna roƙon shugabanni, ku ne mutane suke fara kira. Ku yi addu'a, ku kuma yi tambaya: me aka ci, daga wane buhu, a ina aka niƙa, akwai mai aikin zinariya a gidan? A kai majinyaci asibiti nan da nan, a tafi da ragowar abincin da kwalbar maganin in akwai. Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da ake zato, domin dalma sai an auna jini ake ganinta.

Abin da za mu iya yi

Na ɗaya, dutsen ma'adinai kada ya shigo gari. A fasa shi, a niƙa shi can nesa da gidaje da rijiyoyi, da ruwa domin ƙura kada ta tashi. Mai aikin ya yi wanka, ya canja kaya da takalmi kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro.

Na biyu, turmin abinci da injin niƙan hatsi na abinci ne kaɗai. Buhun da ya ɗauki dutse, taki ko magani kada ya ɗauki hatsi.

Na uku, kada a shanya hatsi, kuka, kuɓewa ko barkono a kan ƙasa ko a bakin titi. A yi amfani da tamfol ko tabarma mai tsabta.

Na huɗu, gyaɗa da masara su bushe ƙarau kafin a ajiye. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. A gyara rufin rumbu kafin damina.

Na biyar, a tsince mai fumfuna, mai yamushi da mai huji, a binne. Kada a ba dabba, kada a sayar. Masu noman masara da gyaɗa su tambayi malamin gona game da Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar sosai.

Na shida, a ajiye wake a buhun PICS mai ninki uku, ko a jarka mai tsabta da ke rufuwa ruf. In iska ba ta shiga, ƙwari suna mutuwa ba tare da magani ba. Buhu ɗaya yakan yi shekaru in ba a huda shi ba.

Na bakwai, taki da maganin ƙwari su zauna a mazubinsu na asali, a wurin da ake kullewa, nesa da madafa. In mazubin ya ƙare, a huda shi a binne.

Na takwas, a wanke wa yara hannu da sabulu kafin su ci abinci, a kuma ciyar da su da safe. Cikin da ba kome ya fi tsotsar dalma, haka kuma jikin da ke da ƙarancin jini. Zogale, wake mai tsabta, nono da kifi suna taimakon yaro a wannan wajen.

Waɗansu daga cikin waɗannan sun fi ƙarfin gida ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata za ta iya yin adashi ta sayi tamfol biyu da buhunan PICS a sari, a riƙa ba da aro ko a raba. Matasa za su iya zagayawa su gyara rumbunan gwauraye da tsofaffi kafin ruwa ya sauka. Dattawa su zauna da mai gari da mai injin niƙa a yi yarjejeniya. Wannan magana ba ta ikilisiya kaɗai ba ce, gama rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, inji ɗaya muke kai niƙa, kasuwa ɗaya muke ci. Ku gayyace su.

Kafin taronmu na gaba, muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su zagaya gidaje goma su duba abu uku: inda ake shanya, inda ake ajiye hatsi, da inda ake ajiye taki da magani. Ku rubuta abin da kuka gani, ba tare da sunan kowa ba, ku kawo mana domin mu san inda za mu fara taimako.

Allah ya kai ku gida lafiya, ya kiyaye mana yaranmu.