TARIHIN GIDANMU: MU BINCIKA, MU KUMA FAƊA WA 'YAN'UWA

Jawabin da aka gabatar a Bikin Cika Shekara Hamsin na Ikkilisiya



Na gode wa Kwamitin Biki da ya ba ni zarafin yin magana a kan tarihin iyali. Cikin Littafin Firistoci sura 25, an umurci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta hamsin, kowa ya koma wurin danginsa. To, ga mu a tamu shekarar ta hamsin. Tarihin Ikkilisiyar nan kuwa tarihin gidajenmu ne, gama iyayenmu ne suka kwaɓa ƙasa, iyayenmu mata suka ɗebo ruwa, aka gina majami'ar farko.

YADDA NA FARA

Mahaifina ya rasu ban tambaye shi kome ba. Kullum ina cewa sai na sami hutu. Bayan jana'iza muka buɗe akwatinsa na katako, muka tarar gara ta cinye takardun. Abin da ya tsira shi ne katin baftismarsa da Littafi Mai Tsarki fassarar 1932, inda ya rubuta ranakun haihuwarmu a shafin farko. Sai na ɗauki rikoda da kaset na tafi wurin ƙanwarsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ce, "Ɗana, sai yanzu?" Na ce, "Goggo, a yi mini gafara." Kwana uku muka yi tana magana, ina sauraro.

INDA ZA A NEMA

Na ɗaya, tsofaffi. Kada ka tambayi tsoho shekarar da aka haife shi. Tambaye shi abin da ya faru a lokacin. In ya ce mahaifinsa yana yaro aka yi annobar mura, ka san 1918 ke nan. Yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945 ne, a cikinsa ne aka kai samarinmu Bama, aka kuma ɗebi mutane aikin tilas na haƙar kuza a Jos. Zuwan Sarauniya 1956 ne, canjin kuɗi zuwa Naira kuwa 1973. Kada a raina maganar tsohuwa. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tana rubuta labarinta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi. Kakarka ma tana da irin wannan a bakinta.

Na biyu, sunaye. Tanko ya nuna mata aka haifa kafin shi, Gambo ya bi tagwaye, Ajuji kuwa ana haihuwa ana mutuwa ne kafin a same shi. Haka kuma tsagen fuska da kirarin gida sukan nuna inda aka fito.

Na uku, takardu: littafin baftisma da na aure na Ikkilisiya, katin asibitin mishan, takardar haraji, takardar sallama daga soja. Mai son zurfafawa ya je gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, inda aka ajiye rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi.

KUSKUREN DA NA YI

'Yan'uwa, tattarawa ba ta kai faɗa wa dangi wuya ba. Goggo ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba: kakarmu, uwar mahaifina, an kama ta cikin hari tana yarinya, aka sayar da ita. Har ta bar duniya ba ta san sunan garinsu ba. Ba gidanmu kaɗai ba ne. Dokar Turawa ta 'yantar da yaran da aka haifa daga Afrilu 1901, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Mishan na SUM ma ya buɗe gidan renon 'yantattun yara a Rumasha a 1909.

Da Kirsimati dangi suka taru, sai na tashi na karanta wannan a gaban kowa, har da surukai da yara. Baffana ya miƙe ya fita bai ce uffan ba. Shekara biyu bai taka gidana ba. Maganata gaskiya ce, amma na manta wadda nake kira "tarihi" mahaifiyarsa ce. Daga baya na roƙi wani dattijo ya raka ni, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya rera mini wata waƙa da takan yi in tana niƙa, cikin harshen da babu mai jinsa a gidanmu. Shi kaɗai ya riƙe ta. Da ban koma ba, da ta tafi tare da shi.

SHAWARA

1. A fara kai wa manya a keɓe. A nemi izininsu kafin a faɗi abu mai nauyi a taro.

2. Kada a ɓoye, kada a ƙara gishiri. Ku duba asalin Ubangijinmu cikin Matiyu sura 1. Akwai Rahab ta Yariko, akwai Rut baƙuwa daga Mowab, akwai matar Uriya. Ba a share sunan kowa don kunya ba. Ba kowane gida ne ya fito daga sarauta ba.

3. A bambanta abin da aka gani a takarda da abin da aka ji. In tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta duka biyu, a sa wanda ya faɗi kowanne.

4. Kada tarihi ya zama sandar rikicin gona ko gādo. Wanda ya shiga bincike domin ya ƙwace iyaka, ya raba gidan da ya ce yana tarawa.

5. A kai wa dukan dangi. Da yawanmu muna da 'yan'uwa Musulmi da masu bin gargajiya. Kaka ɗaya muke da shi, sau da yawa kuma su ne suka riƙe rabin labarin. Kada a manta da 'ya'ya mata da suka yi aure nesa.

6. Kada a bar shi a akwati ɗaya. A buga, a ba kowane ɗaki nasa, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Matasa, wayar da ke hannunku ta fi rikodata, ku ɗauki muryar kakanninku.

KAMMALAWA

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu aka kafa, domin in yara sun yi tambaya a sami abin faɗa musu. Roƙona shi ne, kafin Kirsimati mai zuwa kowane gida ya zauna da tsohonsa, a rubuta ko da shafi biyu ne, a ba dangi, a kuma kawo ɗaya wurin Magatakardan Ikkilisiya. Waɗanda za su yi bikin shekara ɗari za su nemi sunayenmu. Allah ya sa su same su.

Ubangiji ya albarkace mu duka. Amin.